Idan Allah Ya Kai Ki Rasha, Kada Ki Tsaya A Mosko

'Yar'uwa, da an ambaci Rasha, abin da ke faɗo mana a rai shi ne ƙanƙara da kwaminisanci. Ɗalibaina ma sun yi mamaki ranar da na ce musu Musulunci ya haura shekara dubu a can.

To, idan Allah Ya nufe ki da zuwa, ko don rakiyar maigida ko duba ɗa mai karatu, ki zaga Jan Dandali na Mosko, amma kada ki tsaya nan. Ki shiga jirgin ƙasan dare zuwa Kazan, a bakin kogin Bolga. Cikin ganuwar birnin za ki ga masallacin Kul Sharif da hasumiyoyinsa masu shuɗin kai. Na asalin ya rushe ne a 1552, lokacin da Sarki Iban ya ci garin da yaƙi, kuma sai a 2005 aka buɗe sabon. Lissafa shekarun da kanki. Daga kudu akwai kufan Bolgar, inda Ibn Fadlan ya iso daga Bagadaza a 922, sarkin ƙasar ya ɗaukaka Musulunci a cikinta.

Tafkin Baikal kuwa yana can Saiberiya, da nisa ƙwarai. Zurfinsa mita 1,642, babu kamarsa a duniya.

Sai dai ki kula da sallarki. A Sen Fitasbag, cikin watan Yuni, dare ba ya yin duhu sosai. Don haka ki nemi jadawalin babban masallacin garin tun ranar da kika sauka.