Maƙwabci Ne Ya Fara Isowa: Labarin Haiti

'Yan'uwa manoma, labarin wannan wata daga nesa ya fito, amma in kun karanta za ku ga kamar a ƙofar gidanmu aka yi shi.

Can a tekun Karibiyan, kudu da Amurka, akwai wani tsibiri da ƙasashe biyu suka raba, watau Haiti da Jamhuriyar Dominikan. Ba su cika ga maciji da juna ba. Harshe daban, kuma akwai jini a tsakani, gama a 1937 shugaban Dominikan, Trujillo, ya sa an karkashe dubban mutanen Haiti a bakin iyaka.

Ran 12 ga Janairu 2010 da yamma, girgizar ƙasa ta rushe Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Gwamnatin ƙasar ta ce mutum fiye da 200,000 suka mutu, wajen miliyan ɗaya da rabi kuma suka rasa wurin kwana. Tashar jirgin ruwa ta lalace, filin jirgin sama ya cunkushe. Hanyar da ta rage ita ce ta mota, wadda ta bi ta garin Jimaní a kan iyaka. To, ashe maƙwabcin nan da ba a shiri da shi, shi ke riƙe da ƙofa.

Ikilisiyoyin Dominikan suna da wata ƙungiyar taimako mai suna SSID, wadda ta daɗe tana aiki cikin ƙauyuka. Wannan daɗewa ita ta yi rana. Ba a ranar masifa suka fara neman ma'aji da mai riƙe littafi ba. Masu aikin sa kai suka yi ta loda ruwan sha da abinci da tanti daga Santo Domingo, motoci suna ƙetarawa. Kuɗi kuwa ya zo har daga ikilisiyoyin ƙetare, ta hannun Church World Service da ACT Alliance. Mu da muka sha ganin baiko ya narke don ba a rubuta shi ba, mun san abin da ya sa mai bayarwa yakan nemi inda akwai lissafi.

Amma ga inda ya fi shafarmu. Mutum kamar 600,000 suka bar birnin suka koma ƙauyuka wurin dangi. Gidan da ke ciyar da baki biyar ya wayi gari da goma. Wa zai kori ɗan'uwansa? Sai aka ci na rumbu, aka koma kan irin wake da masara da aka ɓoye domin shuka, ga shi kuwa shukarsu ta watan Maris ce, saura 'yan makonni. Duk wanda ya taɓa kwance ƙwaryar iri ya zuba a tukunya ya san zafin wannan. Masu agaji da yawa idonsu na kan tarkacen birni, manomi kuwa yana can yana cin damunarsa tun ba ta zo ba. Sai daga baya aka juya ga rabon iri da fartanya.

Har shugaban Haiti na lokacin, René Préval, ya yi kashedi a watan Maris ɗin cewa abincin kyauta daga waje, in ya zarce, zai karya kasuwar manoman gida. A ganinmu ya yi gaskiya, ko da yake maganar ba ta da daɗin ji ga mai yunwa.

Muna roƙon kowace ƙungiya ta kawo wannan magana a taronta na gaba. Mudu nawa kowane gida zai iya warewa da kaka domin ranar da maƙwabta za su shiga wahala? Wa zai riƙe mabuɗin rumbun, wa zai riƙe littafi? Kada mutum ɗaya ya riƙe duka biyu. A cikin abin da aka tara kuma a ware iri daban, a shanya shi sosai, a sa masa toka, a rubuta sunansa a bayan buhu. Abin da kuka shirya, ku aiko mana ta hannun malamin gona na gundumarku.