Gaskiya ko Jita-jita: Raunin Gwiwa da Karayar Dunduniya a Ƙasar Gaya da Ajingi

Kowane lokaci na shekara da irin faɗuwarsa a ƙasar Gaya da Ajingi. Da bazara magidanci na kan soro yana yaɓe kafin ruwa ya sauka, yara na kan mangwaro. Da kaka ana hawa kuka ɗebo ganye. Da rani makiyayi na kan gawo yana saro wa bisashe reshe. Magini da tsaninsa, ɗan acaɓa a kan hanyar Wudil, da samari masu buga ƙwallo a kan fako, su kam ba ruwansu da rani ko damina. Da mutum ya faɗo, kafin a kai shi zaure jama'a sun gama yanke hukunci: wannan ya ce targaɗe ne, wancan ya ce buguwa ce, wani ya ruga kiran mai ɗori.

Rauni biyu ne suka fi kayar da irin wannan hukunci: tsinkewar jijiyar gwiwa da karayar ƙashin dunduniya. Na farkon ba a ƙashi yake ba, na biyun kuwa ƙashi ne amma ba ya karyewa yadda aka saba gani. Ga abin da ake faɗa a kansu, ga kuma abin da likitocin ƙashi suka tabbatar.

"Tunda ya taka da ƙafarsa, lafiya lau ne"

Jita-jita. Jijiyoyi huɗu masu tauri ne ke ɗaure ƙashin cinya da ƙasusuwan ƙwauri. Biyu suna gefe da gefe, ta ciki da ta waje. Biyu kuma suna can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, ta gaba da ta baya. Ta gaban ita ce masu sharhin ƙwallo ke kira ACL, aikinta hana ƙwauri zamewa gaba ko murɗewa. Galibi ba duka ke tsinka ta ba. Mutum ne zai kafe ƙafa a ƙasa ya juya da sauri, ko ya yi tsalle ya dira a karkace. Da yawa sukan ji wani abu ya ce ɓas a cikin gwiwar, cikin 'yan sa'o'i ta kumbura suntum.

Bayan mako biyu ko uku kumburin ya saɓe, mutum ya miƙe, har ya je kasuwa ya dawo da ƙafarsa, domin tafiya miƙe ba ta dogara da wannan jijiya sosai. Sai ranar da ya zo juyawa da buhu a ka, ko ya tsallake kwata, gwiwar ta sulluɓe ta kayar da shi. Kowace sulluɓewa na iya yaga guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan, kuma shi ne ke jawo ciwon gaɓa tun mutum bai tsufa ba. Jijiyar tsakiya ta baya ma haka take ɓoyewa. Ita ce kan tsinke idan ɗan acaɓa ya faɗi a kan gwiwa tana lanƙwashe, ko ƙwauri ya daki gaban mota a hatsari.

"An ɗauki hoto ba a ga komai ba, ashe sanyi ne ko iska"

Jita-jita. Hoton eksire ƙashi yake nunawa, ba ya nuna jijiya. Mutum na iya tsinka jijiya biyu hoton ya fito tas. Duk da haka ɗaukarsa ba asarar kuɗi ba ce: shi ke tabbatar da babu karaya, kuma a yara jijiyar kan fizgo ɗan ɓallin ƙashi maimakon ta tsinke, wannan kuwa yana fitowa.

Mafi yawan ganewar da hannun likita ake yi. Zai kwantar da mara lafiya, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwauri da ɗayan, sannan ya gwada da lafiyayyar ƙafar. Idan ƙwaurin ya taho ba abin da ya tsayar da shi, an gane. Hoton maganaɗisu, wato MRI, shi ke nuna jijiya da guringuntsi ƙarara, amma yana da tsada kuma sai an shiga birni. Likita ne zai faɗi ko ana buƙatarsa, ba kowace gwiwa ba.

"Jijiya in ta tsinke sai tiyata"

Rabi gaskiya. Ya danganta da wace jijiya ce, da kuma sana'ar mai ita. Ta gefen ciki tana samun jini sosai, galibi takan haɗe da kanta cikin 'yan makonni idan aka sa takalmin gwiwa aka bi motsa jikin da aka tsara. Ta tsakiya ta gaba kuwa, in ta tsinke gaba ɗaya, ba kasafai take haɗewa ba. Idan za a yi aiki ma ba ɗinke ta ake yi ba, ana ciro wata agara ce daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwar mutumin a dasa a madadinta.

Amma ba kowa ke buƙatar dashen ba. A 2010 masu bincike a Suwidin suka wallafa gwajin da suka yi da matasa 121 da wannan jijiya ta tsinke musu. Rukuni ɗaya aka yi musu aiki da wuri, ɗayan aka fara da motsa jiki, da sharaɗin duk wanda gwiwarsa ta ƙi tsayawa a yi masa daga baya. Bayan shekara biyu ba a sami bambancin a zo a gani tsakaninsu ba, bayan shekara biyar kuma kusan rabin rukuni na biyu ba a yi musu dashen ba sam. Tela ko mai tireda na iya rayuwa lafiya da ƙarfafa naman cinya. Ɗan ƙwallo, ɗan kokawa, wanda gwiwarsa ke ta kayar da shi, ko wanda ya tsinka jijiya fiye da ɗaya, shi ne ake duba wa batun aiki.

"Mugun jini ne ya taru, a yi ƙaho ko sakiya a gasa da ruwan zafi"

Farkon zancen da gaskiya, ƙarshensa da haɗari. Gwiwar da ta cika cikin sa'o'i kaɗan, jini ne a cikin gaɓar. Sai dai ƙahon wanzami bai kai can ba, iyakarsa fata. Sakiya ko tsaga mai zurfi kuwa ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta, kuma gaɓar da ta yi ruwa tana iya lalacewa cikin kwanaki. Ruwan zafi da murza a kwana biyu ko uku na farko ƙara kumburi suke. Abin yi shi ne hutar da ƙafar, ɗaga ta a kan matashi, da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kamar minti ashirin, ko tsumma mai ruwan randa idan babu ƙanƙara.

"Wanda ya dira a kan ƙafafunsa ya tsira"

Jita-jita, kuma a nan ake yin babban kuskure. Dirar tsaye daga soro ko bishiya ita ce babbar hanyar karya dunduniya. Nauyin jiki duka kan sauka a kan ƙashin da ke ƙarƙashin idon sawu, shi kuma ya nutse cikin ƙashin dunduniya ya farfasa shi. Alamominta: dunduniya ta yi faɗi, ta kumbura, ba ta takuwa, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya kwanta a tafin ƙafa.

Ƙarfin da ya fasa dunduniya bai tsaya nan ba, yakan bi ƙafa ya haura. Kusan mutum ɗaya cikin goma masu wannan karaya suna da karaya a ƙashin baya, kuma zafin ƙafar kan danne na bayan har mutum bai ambata ba. Saboda haka wanda ya faɗo daga sama ba a ciccibar sa a naɗe, ba a ɗora shi a bayan babur. A kwantar da shi a miƙe a kan katako ko ƙyaure, a nemi mota, a kuma gaya wa likita daga ina ya faɗo da tsawon wurin.

"Karaya karaya ce, mai ɗori ya isa"

Jita-jita a kan waɗannan raunuka biyu. Ba a banza mutane ke zuwa wurin mai ɗori ba: yana kusa, gadon gidansu ne, ana sasanta kuɗi da shi, kuma an ga ƙasusuwan da suka haɗe a hannunsa. Sai dai fasaharsa ta dogon ƙashi ce, wanda ya karye gida biyu: a ja, a daidaita, a jera karare a ɗaure. Ƙashin dunduniya kuwa kamar ƙwai yake, ɓawo mai tauri a waje, ciki taushi. In ya fashe rugurgujewa yake ya baje. Babu baki biyu da za a haɗa, ja da murza kuma ƙara watsa ɓaraguzan suke. Jijiyar da ke tsakiyar gwiwa ma babu karan da zai kai gare ta daga waje, sai dai gwiwar ta sandare saboda daɗewa a ɗaure.

Wajen kashi uku cikin huɗu na karayar dunduniya suna shiga gaɓar da ke ƙarƙashin idon sawu. Wannan gaɓa ce ke ba ƙafa damar karkata dama da hagu idan ƙasa ba ta daidaita ba. Wanda ta lalace masa zai iya tafiya a kan siminti, amma ya shiga gona ya bi kan kunya, nan zai ji a jikinsa. Ga manomin gero da gyaɗa, wannan batun abinci ne. Shi ya sa likita ke auna yadda ƙashin ya nutse a hoton eksire, da ma'aunin da likitan Ostiriya Lorenz Böhler ya fitar a 1931, sau da yawa kuma ya nemi hoton sitisikan kafin ya yanke shawara.

Shawarar ba lallai ta zama tiyata ba. Wani gwaji da aka wallafa a Birtaniya a 2014, da mutum 151, ya nuna cewa a yawancin irin wannan karaya waɗanda aka yi wa aiki ba su fi waɗanda ba a yi wa ba bayan shekara biyu, kuma sun fi samun matsalar miki. Amma ba a sa waɗanda ƙafarsu ta jirkice ƙwarai a gwajin ba, ko waɗanda ƙashi ya huda fata. Su aiki ya kama su. Idan za a yi, akan jira mako ɗaya zuwa biyu kumburi ya sauka. Wanda ya kwashe wata biyu yana ɗori kafin ya zo, ƙashin ya riga ya kama a karkace, gyaransa ya fi wuya ya fi tsada. Akwai masu ɗorin da yanzu kan ce a fara kawo musu hoto, kuma sun kyauta.

"Asibiti yanke ƙafa suke yi"

Jita-jita. Tsinkewar jijiya ko karayar dunduniya su kaɗai da wuya su kai ga yanke ƙafa. Abin da ke kaiwa can tsayawar jini ne da ruɓewa. Ɗauri mai tsauri a kan ƙafar da ke kan kumbura yana toshe hanyar jini, nama ya mutu. Haka idan gwiwa ta goce gaba ɗaya, tana iya yaga babbar jijiyar jinin da ke bayanta, ko da ta koma da kanta. Idan ba a gyara cikin sa'a shida zuwa takwas ba, ƙafar na cikin haɗari. Da yawa sai ƙafa ta yi baƙi ake kawo su, sannan labari ya koma gari cewa asibiti ya yanke.

Waɗannan alamu ba a kwana da su: yatsu sun yi sanyi ko sun sauya launi, ƙafa ta mutu ba a jin taɓi, zafi na ƙaruwa duk da magani, ƙuraje masu ruwa sun fito, ƙashi na tura fatar bayan dunduniya, ko rauni a buɗe. A sassauta ɗaurin nan take a nufi Babban Asibitin Gaya ko asibiti mafi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura Kano, Asibitin Ƙashi na Dala da ke wannan aiki tun 1959, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

"Zafi ya tafi, an warke"

Jita-jita. Masu zuwa gidan kallo shaida ne. Virgil van Dijk na Liverpool ya tsinka jijiyar gwiwa a watan Oktoba 2020, bai sake buga gasar Firimiya ba sai Agusta 2021. Rodri na Manchester City ya ji nasa a Satumba 2024, da sanduna ya je karɓar kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, bai dawo fili ba sai Mayu 2025. Waɗannan masu likitoci ne dare da rana. Saurayin da zai haɗiyi ƙwayar kashe zafi daga kemis ya koma fili bayan wata ɗaya, sauri ne zai haifar masa da nawa. Bayan dashe akan ɗauki wata tara zuwa shekara kafin a koma ƙwallo, kuma rabin maganin yana hannun likitan gashin ƙashi da motsa jikin da mutum zai riƙa yi a gida kullum.

Dunduniya kuwa ba a taka ta na mako takwas zuwa goma sha biyu, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Taba sigari da ciwon suga suna jinkirta haɗewar ƙashi da warkewar miki. Wasu kuma sai sun sauya takalmi, domin dunduniyar ta ƙara faɗi.

Wata uku ba a taka ƙafa ba abu ne mai nauyi ga magidancin da ya faɗo daga soro ana gab da shuka, kuma shi ya sa da yawa ke jefar da sanda tun lokaci bai yi ba. A nan dangi da maƙwabta ke da aiki. Waɗanda suka taru suna ba da shawarar inda za a kai shi, su sake taruwa su yi masa gayya a gona, su haɗa kuɗin mota da na hoto. Damina ɗaya da wasu suka nome masa ta fi masa sauƙi a kan ɗingishin shekara talatin.