Turancin da Jarrabawa Ba Ta Aunawa

Bayan watan Fabrairun 2022, lokacin da Birtaniya ta fara ba masu aikin kula da tsofaffi biza, 'yan Najeriya suka yi ta kwarara can, har da Hausawa da suka zauna a biranen Landan, Manchesta da Bamingam. Ma'aikatan jinya kuwa, akasarinsu sai sun ci jarrabawar IELTS ko OET kafin a yi musu rajista. Sai dai Turancin takarda daban, na bakin tsohuwa a kan gadon asibiti daban. Idan ta ce tana so ta “spend a penny”, ba sayayya take nufi ba, ban ɗaki take nema, kuma maganar ta samo asali daga zamanin da ake jefa kwabo a ƙofar ban ɗakin jama'a kafin ta buɗe. Mai jinyar da bai gane ba zai bar ta ta ɓata jikinta, ya zubar mata da mutunci, shi ma a rubuta masa sakaci. Ke nan sanin irin waɗannan maganganu yana cikin sanin aikin kansa.

Wasu za su ce mai takardar shaida ya gama da Turanci, sauran ƙwalisa ce kawai. Amma jarrabawa tana auna tsabtar harshe ne, mai jin ciwo ko kunya kuwa sakaya zance yake yi. Bahaushe ya fi kowa sanin haka, shi da yake cewa zai kewaya, ko wane ya riga mu gidan gaskiya. Wanda ya tashi cikin irin wannan zance yana da kunnen da ake buƙata, saura ya horar da shi.

Wasu kuma suna tsoron kada kwaikwayon Turawa ya cinye musu Hausa. Ai ba a ce kowa ya riƙa furta irin waɗannan maganganu ba. Ganewa ita ce wajibi, kuma Hausa a gida ake riƙe ta, tsakanin iyaye da 'ya'ya. Haddace jerin karin magana daga intanet ba ya wadatarwa, don wasu sun tsufa, wasu kuma a Amurka kaɗai ake jin su. Hanya mafi inganci ita ce sauraron abokan aiki da rediyon gari, da tambaya nan take ba tare da jin nauyi ba, tunda matambayi ba ya ɓata. Ya kamata ƙungiyoyin Hausawa da masallatanmu na can su ware zama, tsofaffin zuwa su koya wa baƙi kafin su fara aiki.