Biyan Kuɗin Abinci Tun Daga Gida: Wa Ke Cin Riba a Filayen Shaƙatawa na Disney?

Duk iyalin da suka tashi shirya hutu a Walt Disney World, makeken filin shaƙatawar nan da ke kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka, sukan tarar da tayi guda yana jiransu tun kafin su gama kama ɗaki a otal. Za a ce musu su biya kuɗin abincin kwanakin da za su yi gaba ɗaya tun suna gida, idan sun iso sai ci kawai, babu zaro kati, babu duba farashi. Tayin na da daɗin ji, musamman ga magidancin da ya san abinci a cikin irin waɗannan wurare tsada gare shi kamar me. Hausawa mazauna Amurka da masu zuwa hutu daga gida su ma suna cin karo da shi, kuma da yawa sukan ɗauka rangwame ne aka yi musu. Gaskiyar magana ita ce abin da ake sayarwa a nan kwanciyar hankali ne, kuma yana da farashinsa. Ga akasarin iyalai, musamman waɗanda ba sa shan barasa, biyan abin da aka ci a lokacin da aka ci shi ya fi sauƙi.

Kamfanin Disney ya ɓullo da wannan tsari a shekarar 2005, ya dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, sannan ya dawo da shi ranar 9 ga Janairu, 2024. Da ya dawo, iri biyu ne. Ƙaramin yana ba mutum, a kan kowane dare da ya kwana a otal, cin abinci sau biyu a wuraren da ake bin layi a karɓa a kanta, da ɗan abin ƙwalama guda. Babban kuma yana ba da ci ɗaya na kanta, ci ɗaya a gidan abincin da ake zama a kawo wa mutum a tebur, da abin ƙwalama guda. Kowanne na zuwa da kofin da ake sake cika shi da lemo ko shayi ba ƙarin kuɗi. A 2024 ƙaramin ya kama wajen dala 57 ga babba a kowane dare, babban kuma wajen dala 94, yaro kuwa dala 24 ko dala 30. Ba a sayar wa kowa sai wanda ya sauka a otal ɗin kamfanin.

Sharuɗɗan da ke biye da wannan farashi su ne inda gizo ke saƙar. Na farko, a wurin Disney yaro ɗan shekara 10 babba ne, kuɗin babba za a biya masa. Farashin yara na 'yan shekara 3 zuwa 9 ne kawai. Na biyu, ba a yarda wani a cikin ɗaki ya shiga tsarin wani ya ƙi ba, ko dai kowa ko babu, kuma na dukkan dararen da za a yi ne, ba a zaɓen kwana biyu a bar uku. Sai na uku, kowane ci maki guda ne, kuma duk makin da ba a yi amfani da shi ba yana mutuwa da tsakar daren ranar da aka bar otal, ba a mayar da ko sisi. A ɗauki miji da mata da 'ya'ya biyu, ɗan shekara 12 da 'yar shekara 7. A lissafin kamfani manya uku ne da yarinya ɗaya, wato kusan dala 312 a kowane dare a babban tsari, dala 1,560 da ɗoriya a dare biyar. A shekarar da dala ta haura naira 1,500, wannan ya zarce naira miliyan biyu da dubu ɗari uku, na abinci kawai, kuma abincin ma sau biyu a rana, domin ci na uku ba ya ciki.

To yaya mutum zai yi ya ci abin da ya kai dala 94 a yini? A ƙaddara abin ƙwalama ya tashi dala 6, cin kanta da abin sha ya tashi dala 20, kofin nan da ake sayarwa wajen dala 22 a 2024 a raba shi kwana biyar ya zama dala huɗu da 'yan kai. An samu kusan dala 30 ke nan. Saura fiye da dala 60 dole ya fito daga cin tebur guda ɗaya, kullum, ba fashi. Hakan na yiwuwa, amma sai ga wanda zai riƙa zaɓen nama mafi tsada a jerin abincin, ya ɗora da kayan zaƙi ko da ya ƙoshi, ya kuma kora da abin sha mai tsada. Ranar da ya ji taliya yake sha'awa, ko miyar ganye da burodi, ranar ya faɗi. Ranar da zafin Fulorida ya kashe masa sha'awar ci, wanda kuwa a watannin Yuni zuwa Agusta ba abin mamaki ba ne, ranar ma ya faɗi. Ga shi kofin da aka lissafa masa a otal kawai ake cika shi, ba a cikin filayen da zai yini ba.

Batun abin sha ya cancanci a tsaya a kansa, domin nan ne mai karatu Musulmi ya fi cutuwa. Tun daga 2018 kamfanin ya sa barasa cikin tsarin: duk wanda ya kai shekara 21 yana iya karɓar kofi guda tare da kowane ci. Kofin barasa a waɗannan wurare yakan ninka kuɗin lemo sau biyu ko uku, kuma mai sha yana samun wannan sau biyu a rana. Farashin tsarin kuwa ɗaya ne ga mai sha da wanda ba ya sha. Ma'ana, magidancin da bai taɓa kai giya bakinsa ba yana biyan kuɗin da aka yanka da mashaya a zuciya, haka ma ɗansa mai shekara 12 wanda doka ma ta hana a ba shi. A ƙara da batun nama. Mai taka-tsantsan da ke kauce wa naman da bai san yankansa ba yakan koma kifi, taliya ko kayan lambu, waɗanda galibi suna ƙasa da gasasshen naman sa a farashi, kuma duk abin da aka haɗa da naman alade ya fita daga lissafinsa. Ana iya neman abincin halal a gidajen tebur idan an sanar da wuri, sai dai zaɓin ba shi da faɗi. Wanda hutunsa ya faɗo cikin watan azumi kuwa, bai ma kamata ya saurari tayin ba.

Akwai kuma kuɗin da mutane ba sa gani sai an ajiye musu takarda a tebur. A Amurka al'ada ce mai ƙarfi a ba ma'aikacin da ya kawo abinci tukwici, kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abin da aka ci. A farkon tsarin tukwicin na ciki, har da ɗan abin da ake fara kawowa kafin babban abinci, amma a 2008 aka cire su duka biyun. Yanzu daga aljihu ake biya, kuma idan mutum shida ne ko fiye a tebur, kashi 18 ake ɗorawa kai tsaye ba sai an tambaye su ba. Iyalanmu kuwa ba wuya su kai shida. Abin lura shi ne ana lissafin tukwicin a kan farashin da ke rubuce a jerin abinci. Don haka wanda ya dage sai ya ci mafi tsada domin ya fanshe kuɗinsa, yana ƙara wa kansa tukwici ne da hannunsa. Wasu gidajen ma, irin su Cinderella's Royal Table da ke cikin fadar Magic Kingdom, ɗaya daga filayen Disney, maki biyu suke cinyewa a zama ɗaya, wanda ke nufin wata ranar sai an ci da kuɗi.

Me ya sa to mutane ke rububin saye? Masana halayyar kashe kuɗi sun daɗe da gano dalili. Drazen Prelec da George Loewenstein sun yi bayani a 1998 cewa biyan kuɗi na da zafi a rai, kuma zafin na rage daɗin abin da aka saya idan suka zo lokaci guda, shi ya sa mutane ke son biya tun da wuri su ci kamar kyauta. Wani binciken da Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier suka wallafa a 2006 ya duba masu rajista a wuraren motsa jiki a Amurka. Masu biyan sama da dala 70 a wata ba sa zuwa fiye da sau huɗu da ɗan wani abu, wato kowane zuwa ya tsaya musu sama da dala 17, alhali akwai katin da zai sa kowane zuwa ya tsaya dala 10. Mutum yakan zaci zai yi amfani da abu fiye da yadda zai yi a zahiri. Wanda ke zaune a falonsa yana shirin tafiyar da sai bayan wata uku bai san yadda cikinsa zai kasance a rana ta huɗu ba, bayan ya yini yana tafiya a ƙafa da yara masu rigima. Cinikin biri a sama ne. Kamfani kuwa yana da alƙaluman miliyoyin baƙi, ya san iya abin da mutane ke ci, kuma ba zai yanka farashin da zai faɗi a kansa ba. Ya kuma samu wata riba: wanda ya riga ya biya ba zai fita cikin garin Orlando neman abinci mai sauƙi ba.

Za a ce ai kwanciyar hankalin ita ma abin saye ce, uba ya san iyakar abin da zai kashe, kuma ba sai ya riƙa harar yaro don ya nuna abu mai tsada ba. Wannan hujja ce ta gaskiya, ba a raina ta. Amsarta dai ita ce ana iya samun wannan natsuwar ba tare da an ɗaure kai ba. Kamfanin na sayar da katin kyauta da ake zuba wa kuɗi, ana karɓarsa a mafi yawan wuraren cin abincinsa, kuma ba ya mutuwa. Wanda ya zuba dala 1,560 ɗin nan a kati ya riga ya biya tun daga gida, ya huta da lissafi, amma abin da ya rage nasa ne. Haka ma mai tsoron faɗuwar naira kafin ranar tafiya, sayen dalar ya ajiye ya wadatar da shi. Sannan natsuwar da tsarin ke kawowa ba ta cika ba. Ana buɗe kama gurbi a gidajen tebur kwana 60 kafin zuwa, masu farin jini sukan cika da wuri, kuma wanda ya kama bai je ba, bai kuma soke a kan lokaci ba, ana cire masa dala 10 a kan kowane mutum. Zaman ci ɗaya kan lashe awa guda ko fiye, ban da tafiya zuwa wurin, a ranar da tikitin shiga kaɗai ya haura dala 100. Sai a wayi gari abinci ne ke tsara wa iyali yininsu. A ranar ƙarshe kuma a ga mutane a shagunan otal suna kwasar alewa da biskit da ba su da niyyar saye, don kada maki ya tafi a banza.

Adalci ne a faɗi cewa akwai masu cin riba. Iyalin da yaransu ke tsakanin shekara 3 da 9, kuma dama sun ƙudurta zuwa wuraren ɗebi-da-kanka inda masu shigar Mickey da sauran 'yan wasan kartun ke zagayawa tebur-tebur, su kam suna iya fita da riba, domin kuɗin yaro a irin wannan ci ɗaya yakan kai ko ya wuce dala 30 ɗin da aka biya masa na yini. Haraji ma na cikin farashin tsarin, wannan ma a rubuta masa. A wasu kamfanonin an ga masu wayo sun ci galaba: labarin wani mazaunin Kalifoniya da ya shafe shekaru yana cin abincinsa a filin Six Flags da katin shekara na dala 150 ya bazu a 2021. Amma shi maƙwabcin filin ne, ba baƙon kwana biyar ba. Sai tayin da kamfanin Disney kan fitar lokaci-lokaci na ba da tsarin abinci kyauta. A nan ma a duba da kyau, domin banza ba ta kai zomo kasuwa: sharaɗin shi ne a biya cikakken kuɗin ɗaki da tikiti, ba a haɗa shi da rangwamen ɗaki. Iyali mai yawa a ɗaki mai araha na iya amfana, mutum biyu a otal mai tsada kuwa sau da yawa rangwamen ɗakin ya fi musu.

Abin da masu tallar ba sa yawan ambata shi ne Disney na barin baƙi su shiga filayensa da abincinsu da abin sha marar barasa, muddin ba a cikin kwalba ba ne kuma ba ya buƙatar ɗumamawa. Ana kuma ba da kofin ruwan sanyi kyauta a wuraren kanta idan an tambaya. Kwanon abincin Amurka na da girma, sau da yawa uwa da ƙaramin yaro sukan ƙoshi da guda. Iyalin da suka sayi burodi, madara da 'ya'yan itace suka karya a ɗaki, suka ci na kanta da rana, suka ware cin tebur biyu ko uku a duk tafiyar a wuraren da ransu ke so, da wuya su kusanci dala 312 a yini.

Jerin abincin kowane gida da farashinsa na nan a shafin kamfanin da manhajarsa ta waya, kowa na iya dubawa kafin ya biya ko kwabo. Mai shirin tafiya ya zauna da iyalinsa da biro da takarda, ya rubuta abin da kowa zai ci da gaske a kowace rana, ba abin da ya fi tsada ba, ya haɗa da haraji, ya kwatanta da farashin tsarin na shekarar da zai je, tunda yana sauyawa. Idan tazarar ba ta fito fili a gefen tsarin ba, ya riƙe kuɗinsa ya biya a can.