Daga Jakar Wasiƙunku: Me Ya Sa Babban Dutse Ke Ƙanƙancewa A Hoto?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa da ke safara tsakanin Kano da Agadas, ya aiko mana da takarda. Ya ce yakan ɗauki hoto da wayarsa a hanya domin ya nuna wa iyalinsa. To amma dutsen da ya gani da idonsa ya tokare sama, sai ya fito a hoto kamar suri, kuma hoton ya yi fari dishi-dishi. Yana so a bayyana masa dalili, a kuma gaya masa ko ɗaukar hoto a gari ko a birni na iya jawo wa mutum rikici da hukuma.

AMSA: To madalla, malam, mun gode da wannan tambaya, domin matafiya da yawa na fama da abin da ka faɗa.

Mu fara da ƙanƙancewar dutse. Idon kyamarar waya an yi shi ne ya kwaso fili mai faɗi a lokaci guda. Saboda haka duk abin da ke nesa sai ya ragu. Ka ɗauki duwatsun Azbin da ke arewa da Agadas. A can ne tsaunin Bagzan yake, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, babu wurin da ya fi shi tsawo a duk ƙasar Nijar. Amma in ka tsaya nesa ka ɗauke shi haka kawai, mai kallo ba zai san girmansa ba. Dabarar ita ce ka sa wani abu da kowa ya san girmansa a cikin hoton, kamar raƙumi, ko mota, ko itacen dabino. Da shi ido zai auna dutsen. Kada ka dogara da jawo hoto da yatsu biyu, domin a galibin wayoyi hoton ne kawai ke buɗewa yana rasa kaifi. In da hali, ka matsa da ƙafarka.

Sai batun lokaci. Da tsakar rana haske na saukowa ne daga bisa kai, inuwa ta ɓuya, kwazazzabai da tsagar dutse duk su shafe. Ga kuma yashi yana mayar da haske, sai kyamara ta rage hasken da take karɓa, fuskar mutum ta fito baƙi ƙirin. Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma la'asar sakaliya. A lokacin rana na haskowa daga gefe, kowane tudu ya samu inuwarsa. Ka sa rana a bayanka ko a gefenka, kada ka fuskance ta.

Farin da kake gani kuwa, yawanci aikin hazo ne. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar nan tana warwatsa haske tsakaninka da dutsen. Babu wayar da za ta kawar da ita. Ranar hazo ka ɗauki abin da ke kusa, ka bar na nesa sai sama ta washe, kamar bayan saukar ruwa. Wani lokacin kuma laifin gilashin kyamara ne, ya sha maiƙon hannu da ƙura. Ka fara hure shi tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi. In ka goge da yashi a kai, ka kankare gilashin ke nan. Ka riƙa sa waya cikin leda in ana iska, kuma kada ka bar ta a gaban mota cikin rana, zafi na kashe batir.

Yanzu mu shigo gari. A Agadas abin da kowa ke ɗauka shi ne hasumiyar babban masallaci, mai tsawon mita 27, wadda aka gina da laka. An fara ginin a wajen 1515, aka sake shi a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. In kana son hasumiya ta fito duka, ka ja da baya, ka riƙe wayar a tsaye. In ka tsaya gindinta ka ɗaga kai, sai ta fito kamar za ta faɗi baya.

Amma fa gari na mutane ne. A kasuwar ƙauye, ko bakin rijiya, ko wurin ayarin gishiri mai zuwa Bilma, ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Matan aure da yara kuwa, sai da yardar su da masu su. Wanda ya ce a'a, ka kyale shi. Kai ɗan kasuwa ne, gobe ma hanyar za ka bi, kuma hoto ɗaya bai kai ya ɓata maka ciniki na shekaru ba.

A birni, wuri mai tudu za ka nema. A Kano ka hau Dutsen Dala da yamma, za ka ga tsohon birni a shimfiɗe. A hanyar Kaduna zuwa Abuja akwai Dutsen Zuma, wanda aka buga hotonsa a bayan takardar naira 100 da ta fito a 1999. In almuru ta yi an kunna fitilu, kyamara na ɗaukar lokaci kafin ta tara haske, don haka motsi kaɗan na ɓata hoto. Ka jingina wayar a kan katanga ko rufin mota, ka riƙe numfashi, sannan ka danna.

Batun hukuma kuma, i, ana iya samun matsala. Ko a Nijeriya ko a Nijar, ka nisanci ɗaukar barikin soja, da shingen bincike, da ofishin 'yan sanda ko na jandarmomi, da filin jirgin sama, da fadar shugaban ƙasa, da iyakar ƙasa. Ana iya karɓe maka waya, a tsare ka, kayanka su kwana a hanya. In kana shakka, ka tambayi jami'in da ke wurin. Kuma kafin ka kauce daga babbar hanya zuwa cikin duwatsu, ka bincika halin tsaro wurin mutanen gari, ka tafi da ɗan jagora wanda ya san ƙasar.

Da fatan mai tambaya da sauran masu saurare sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da wasiƙu. Allah Ya kiyaye hanya.