A Shari'ar Akwatin Talabijin, Gani Bai Kori Ji Ba

Duk ɗan Arewa da ke zaune a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san abin da sammaci daga gida yake jawowa. Idan mutumin Borno ne, aka ce ana nemansa ya ba da shaida a kotun majistare ta Wulari cikin Maiduguri, to, sai ya rufe rumfa, ya kama hanyar da ta fi kilomita 1,500 daga Ikko. Ga kuɗin mota, ga asarar ciniki, ga kuma hatsarin hanyar Damaturu, inda a watan Fabrairu 2020 aka kashe matafiya aƙalla 30 a garin Auno, dare ya yi musu ba su samu shiga Maiduguri ba. Wani lokaci ma sai ya isa a ce an ɗaga shari'a.

Yanzu akwai dabarar da za ta iya rage wannan wahala, watau zaman kotu ta hanyar hoto da murya a intanet, joji na ganin mai shaida a allo, shi ma yana ganin joji. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Jihar Borno ce ta fara yin haka a Nijeriya.

Yadda Aka Fara

A watan Maris 2020, sa'ad da cutar korona ta shigo, Babban Jojin Nijeriya na lokacin, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ya ba da umurni a dakatar da zaman kotuna sai abin da ya zama na gaggawa. Mutanen da ke tsare suna jiran hukunci suka ci gaba da zama a kurkuku. Ran 27 ga Afrilu 2020 sai Babbar Kotun Jihar Borno, a ƙarƙashin Babban Joji Kashim Zannah, ta yi zamanta ta allo. Mai Shari'a Fadawu Umaru ya karanta hukunci, ya sallami wani mutum da ake tuhuma da kisan kai. Bayan mako guda, ran 4 ga Mayu, wata kotu a Ikeja ta yanke wa wani hukuncin kisa ta hanyar Zoom, abin da ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka yi ta suka.

Gardama ta tashi tsakanin lauyoyi, domin sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Jihohin Ikko da Ekiti suka kai maganar Kotun Ƙoli, ran 14 ga Yuli 2020 kuwa kotun ta nuna cewa irin wannan zama bai saɓa wa tsarin mulki ba. Har ila yau, gyaran da aka yi wa dokar shaida a 2023 ya yarda a yi takardar rantsuwa ta hanyar hoto da murya.

To, doka ta buɗe ƙofa. Sauran aiki yana hannun mai haɗa na'ura.

Murya Kafin Hoto

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan sha'ani ba haka abin yake ba. Hoto yana iya dushewa shari'a ta ci gaba, amma in murya ta yanke, kalma ɗaya ta ɓace, "ban gani ba" ta koma "na gani". Sashe na 36 ɗin nan ya ba wanda ake tuhuma ikon a sama masa tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. A Maiduguri kuwa, inda ake yin Barbarci da Hausa da Larabcin Shuwa, magana takan bi ta bakin tafinta kafin ta kai ga joji. Saboda haka ƙwararren mai haɗi da makirfo yake farawa, ba da kamara ba.

Cutar da ta fi damun irin wannan zama ita ce amsa-kuwwa, ko kuma ƙara mai tsinin nan da ke huda kunne. Dalilinta shi ne muryar da ta fito daga lasifika ta sake komawa cikin makirfo, ta yi ta kewaya. Galibi hakan na faruwa ne in an kunna waya biyu ko kwamfuta biyu a ɗaki guda. Maganinta, a bar na'ura ɗaya tak da murya, a kashe makirfo da lasifikar sauran. A nisanta makirfo daga lasifika, kada kuma a ajiye shi ƙarƙashin fanka. Wanda yake shi kaɗai, ya sa abin sauraro a kunne, ya huta.

Bugu da ƙari, murya takan ɗan yi jinkiri a hanya kafin ta isa. In lauya bai jira tafinta ya gama ba, sai maganganu su hau kan juna. Don haka doka ta farko ita ce ɗaya bayan ɗaya.

Allo Da Kamara

Babban allon da ake kafawa a bango akwatin talabijin ne kawai, ana haɗa shi da kwamfuta da wayar da ake kira HDMI, wadda ke ɗauke da hoto da murya gaba ɗaya. In an kunna allo ya zauna baƙi ƙirin, kada a yi saurin cewa ya lalace. A fara duba lambar ramin da aka cusa wayar, sa'an nan a ɗauki rimot a zaɓi wannan lamba. In bai yi ba, a zare wayar a sake cusawa, ko a gwada wata. In hoto ya fito babu murya, yawanci kwamfuta ce ke tura muryar wani wuri dabam, sai a shiga wajen saitin sauti a zaɓi akwatin.

Kamara kuma a ɗora ta daidai tsayin ido, kusa da allo. Kada mai magana ya ba taga baya, gama hasken ranar Yerwa zai mai da fuskarsa inuwa, joji kuwa yana bukatar ya ga fuskar mai shaida. Da hunturu a riƙa share ƙura daga idon kamara da ramukan iskar kwamfuta. Da bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, na'ura takan ɗauki zafi ta mutu da kanta in ba a ba ta iska ba.

Wuta Da Layi

Mutanen Maiduguri sun san darajar waɗannan biyu fiye da kowa. A watan Mayu 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci, sojoji sun sa an rufe layukan waya aka yi makonni ba a jin kowa. A watan Janairu 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka fasa turakun lantarki na hanyar Damaturu, aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki suka sake fasawa. Sai a watan Maris 2023 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da gas, mai ƙarfin megawat 50, a cikin garin.

Darasin da ke ciki shi ne kada a dogara da abu ɗaya. A ɗora kwamfuta da na'urar intanet a kan batir da inbata, domin kafin a ta da janareta layi ya riga ya tsinke. Janaretan kuma a kai shi nesa da taga. A tanadi layin kamfani na biyu. In hoto ya fara tsayawa, a rufe kamarar duk wanda ba magana yake yi ba, don murya ta samu hanya. A kuma tuna cewa Zoom na kyauta yakan yanke taro bayan minti 40.

Ga Mazauna Kudu

Ba kowace kotu ke da waɗannan kaya ba, kuma joji ne ke da ikon yarda ko ƙi. Saboda haka wanda sammaci ya iske a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun, kada ya yi zamansa ya ce ai zai yi ta waya, wannan raina kotu ne. Ya sa lauya ya nemi izini tun da wuri. In an ba shi, ya nemi ɗaki marar hayaniya nesa da kasuwa, ya cika batir, ya sayi isasshen data, ya gwada murya da wani ɗan'uwa a gida kwana guda kafin ranar. Ya sa tufafi na mutunci, ya riƙe katin shaidarsa, ya zauna shi kaɗai ba mai raɗa masa amsa. In bai ji tambaya sosai ba, ya ce a maimaita, kada kunya ta sa ya amsa abin da bai ji ba, domin abin da ya faɗa shi za a rubuta, da shi kuma za a yanke wa wani hukunci.