Sanƙarau a Aliero da Jega: Gaskiya da Jita-jita Kan Killace Majinyata

A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da rasuwar mutum 26 a ɓarkewar cutar da ake zargin sanƙarau ce, akasarinsu a Gwandu da Jega da Aliero. An buɗe wuraren killace majinyata a garuruwan uku, jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero kuma ta sallami ɗalibanta bayan rasuwar wasunsu. Daga nan maganganu suka yi yawa, wasu da tushe, wasu shaci-faɗi.

Wadda ta fi yin ɓarna ita ce cewa wanda aka kai ɗakin killacewa ba ya fitowa da rai. Ba haka ba ne. Sanƙarau na iya kisa cikin yini guda, kuma sau da yawa ba a kai mara lafiya asibiti sai bayan an gama jiƙe-jiƙe da hayaƙi a gida. Killacewar kanta gajera ce: bayan awa 24 da fara allurar ceftriaxone, majinyaci ba ya ƙara yaɗa ƙwayar cutar. Tari da atishawa da cuɗanya ta kusa ne hanyarta, shi ya sa ma'aikata ke sa takunkumi, su raba gadaje, su wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, su bar mai jinya ɗaya a bakin gado. Tsayar da 'yan dubiya a bakin ƙofa yana da ciwo ga dangi, amma ba wulaƙanci ba ne.

Haka batun zuƙar ruwan ƙashin baya, da ake cewa yana gurgunta mutum. Allurar tana shiga ƙasa da inda lakar ta ƙare, ruwan da ake ɗiba kaɗan ne, jiki kuma yana mayar da shi. Kurumta ko shanyewar gaɓa da kan biyo baya aikin cutar ne. Da wannan ruwan ake gane nau'in ƙwayar a ɗakin gwaji na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da ke Abuja.

Masu cewa zafi ne ke kawo ta sun kama rabin gaskiya. Ƙura da bushewar iska suna raunata hanci da maƙogwaro, cunkoso irin na ɗakin kwanan ɗalibai ya ƙarasa sauran, amma sai da ƙwayar cuta. Albasar da ake yankawa a ajiye a ɗaki don ta tsotse cutar, ko ta Aliero ce, ba ta tsotse komai.

Tsoron gwaji da jikin mutane kuwa yana da asali. A 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa yara 200, kuma 11 suka rasu. Sai dai wannan magani ne da ake gwadawa, ba riga-kafi ba. Allurar riga-kafi ta Men5CV, wadda Nijeriya ta riga kowace ƙasa fara amfani da ita a 2024, ta samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kuma kare nau'i biyar: A, C, W, X da Y. Tsohuwar MenAfriVac nau'in A kawai take tarewa, don haka ba ta hana annobar nau'in C ta 2017 a Zamfara da Sakkwato ba.

Ƙorafin da ya fi cancanta a saurara shi ne cewa riga-kafi da kayan aiki kan iso bayan cuta ta riga ta shiga gari. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma. Na jama'a shi ne, duk mai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a kai shi asibiti a ranar, kada a jira wayewar gari.